Ga mai ɗinkin Agege da ta kasa komawa kan kekenta

Wasiƙar wannan makon daga wata baiwar Allah ce mazauniyar Agege. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta:

"Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce, a falona nake ɗinki. Shekara 10 ke nan da aure ya kawo ni Legas daga Zariya. 'Ya'yana uku, autar ba ta cika shekara biyu ba. Maigidana yana sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12, kafin assalatu ya fita. Ina tashi ƙarfe 4:30, ba na kwanciya sai 12:30, amma in aka ce in nuna abin da na yi a yinin, babu. Da yara sun tafi makaranta sai in ɗauki waya da niyyar amsa wa masu ɗinki, kafin in ankara an kira azahar ina TikTok. Wayar da kanta ta nuna mini awa 6 nake yi a kanta kullum. Watan jiya na karɓi anko kala 14 da rigar kamun amarya, aka ba ni kwana 18. Tara na gama. Rigar amaryar kuwa sai wani tela aka kai wa cikin dare. Gwaggon amaryar ta zo har tsakar gidan hayarmu ta yi mini tatas a gaban maƙwabta. Yau mako uku, ragowar atamfa biyar da kuɗin kafin alƙalami suna wurina, ban kira su ba, in sun kira ba na ɗagawa. Ko keken ban buɗe ba. Karatun Alƙur'anin da nake yi bayan asuba ma na bari. Ina ganin mata a waya suna sana'a, gidansu tsaf, 'ya'yansu tsaf. Ni malalaciya ce, ba ni da zuciya, har ji nake kamar munafuka ce ni. Yaya zan yi in zama mutum?"

Wa'alaikis salam, ƙanwata. Sannu, Allah Ya yaye miki.

Kafin in ce miki komai sai da na ɗauki biro na yi lissafin da ke ba ki yi ba. Daga 12:30 na dare zuwa 4:30 awa huɗu ne cif. Likitocin da suka ƙware a kan barci sun daɗe suna cewa babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye, ke kuwa kina tafiya da abin da ya ɗan haura rabin haka, ga goyo, ga girki, ga ɗinki. Jiki magayi. Wanda ya daɗe yana cin bashin barci, abin da ke fara kuɓuce masa shi ne tsayar da hankali wuri guda, sai haƙuri ya bi baya, daga nan sai ƙarfin hana zuciya abin da take so. Kin fi ni sanin yankan atamfa mai manyan furanni, wadda sai an daidaita zanen gaba da na baya kafin almakashi ya taɓa ta. Kai ne ke yin wannan aikin kafin hannu. Kan da bai huta ba kuwa, in ya hango irinsa sai ya nemi mafaka, kuma babu mafakar da ta fi kusa kamar wadda ke tafin hannunki.

Don haka kalmar nan "malalaciya" ki ajiye ta, ba taki ba ce. Malalaciya ba ta tashi tun da duhu ta ɗora ruwan wankan yara uku, ta dama koko, ta shiga ƙarƙashin gado neman takalmin makaranta ƙafa ɗaya, goyo na kuka a bayanta. Ba rarrashinki nake yi ba. Akwai inda kika yi laifi, kuma zan faɗa miki ba ɓoye-ɓoye. Amma in aka kira ciwo da sunan da ba nasa ba, maganin ma sai ya zo a karkace. Mako uku kina shan maganin lalaci, wato zagin kai safe da yamma. Ya buɗe miki keken?

Ki kuma tuna garin da kike. A Zariya, mai ɗinki a cikin gida ba ita kaɗai take ba ko da tana ganin ita kaɗai ce. Akwai kakar yara da za a miƙa wa goyo, akwai ƙanwar miji da za ta duba tukunya, akwai yaron maƙwabta da za a aika ya sayo zare minti goma ya dawo. Legas ba ta ba mu wannan. Ruwa sai kin jira mai ruwa, wuta sai lokacin da ta ga dama, sau da yawa tsakar dare, shi ya sa dole ki farka ki yi guga ido na rufewa. In kuma ta kama ki shiga kasuwar Balogun ko ta Idumota neman leshi da duwatsu, daga Agege zuwa cikin Eko da dawowa a motar haya ta danfo, yini guda ya tafi, kin dawo ba ki da sauran amfani sai washegari. Duk wanda ya zauna a gosulon Oshodi da rana tsaka ya san abin da nake faɗa. Kina auna kanki da mudun Zariya alhali a kasuwar Legas kike awo.

Matan da kike gani a waya kuwa, minti ɗaya suke nuna miki daga cikin yininsu, kuma su suka zaɓi mintin. Ba ki ga mai riƙe musu wayar ba, ba ki ga 'yar aikin da ta share falon ba, ba ki ga kwanukan da aka tura bayan ƙofa ba. Wannan ya isa a kansu.

Yanzu ga laifin naki, kuma ba a inda kike neman sa yake ba. Mu ce riga da siket ɗaya, daga yanka zuwa guga, yana cin miki awa 5. Kala 14 awa 70 ke nan. Rigar amarya mai shafi da duwatsu, mu ba ta awa 15. Jimla 85. Ke kuma, tsakanin fitar yara da dawowarsu, da ƙaramar yarinya a ƙafarki, in kin samu awa 4 na ɗinki na gaske a yini kin yi sa'a. Awa 4 sau kwana 18, 72. Wato ko da kin jefa wayar nan a rijiya tun ranar farko, ko da wuta ba ta ɗauke ba, ko yaro bai yi zazzaɓi ba, ko ba ki je kasuwa ba, aikin nan ba zai ƙare ba. Ranar da kika miƙa hannu kika karɓi buhun atamfofin kika ce "in sha Allahu za a samu", ranar aka yi ɓarnar. Na san abin da ya sa. Kunyar ce wa babbar mace "ba zan iya ba", da tsoron kada a kai wa wata a saba da ita, da kuɗin hayar shekara da ke tafe. Duk dalilai ne na gaskiya, amma alkawari kaya ne, kuma irin wannan karɓar ce ta sa "alkawarin tela" ya zama abin faɗa a bakin mutane. Daga yau kada ki amsa wa kowa a tsaye. Ki ce, "Bari in duba littafina, zan kira ki da yamma." Ki samu littafin da gaske, ko na makarantar yara ne, ki riƙa rubuta kowane ɗinki da awannin da zai ci da ranar karɓa. In ya cika ya cika. Mai ɗinkin da ta ce "biyar zan iya, sauran ki kai wa wata" ita ake dawo wa.

Laifi na biyu ya fi na farko nauyi, shi ne shirun nan na mako uku. Gwaggon amarya ba ta kyauta ba da ta tara miki jama'a, na yarda. Amma ki tsaya a inda take tsaye: kamun 'yarta sau ɗaya ne, baƙi sun zo daga gida, mata biyar sun shiga taro ba anko, amarya tana kuka ana yawon neman tela cikin dare. Yanzu kuma kayansu da kuɗinsu suna hannunki, waya tana ta ƙara ba a ɗagawa. Me kike so su zata? Wannan haƙƙi ne, ƙanwata, ba ya faɗuwa don kina jin kunya.

Ina kuma da yaƙinin wannan shirun shi ne ƙayar da ta hana ki taka ƙafa. Kin ɗauka waya ce ta raba ki da keken. Ni a ganina keken ne ya zama abin tsoro, don duk sanda kika dube shi muryar Gwaggo kike ji da idanun maƙwabta, wayar kuwa ita ce ɗakin da kike shiga ki rufo ƙofa. Na san ɗakin nan, na taɓa zama a cikinsa. Shekarun baya na ci bashin wata 'yar uwa, lokacin biya ya zo ba ni da shi. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi ras. Ina tuna wani dare, ƙarfe ɗaya ta wuce, ina zaune a bakin gado, janaretan maƙwabta yana ruri, wayar ta yi zafi a hannuna, cajin ya kusa mutuwa, ina kallon wata mata a wata ƙasa tana yanka albasa. Ba daɗinsa nake ji ba, wallahi. Tsoron ajiyewa nake, don na san da na ajiye tunanin zai dawo. Kusan wata biyu na yi a haka. Ranar da na daure na kira ta, maganar ba ta kai minti biyar ba. Ta yi faɗa, ta yi gaskiya, muka yanka ranakun biya. A daren na yi barcin da na manta akwai irinsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun bincika wannan abu. A 2010 wasu malamai a Jami'ar Carleton da ke Kanada, Michael Wohl da abokan aikinsa, sun bi ɗaliban shekarar farko tsakanin jarrabawa biyu. Sun gano cewa ɗaliban da suka yi wasa da karatun jarrabawar farko amma suka yafe wa kansu, sun fi rage jan ƙafa a ta biyu, idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da ɗora wa kansu laifi. Dalilin a fili yake: zagin kai yana ƙara wa aikin ɗaci, abin da ya yi ɗaci kuwa gudunsa ake yi. Mu ma ai muna da wannan a gida tun kafin su. Ki tuna sharuɗɗan tuba da aka koya mana a Islamiyya: a bar laifin, a yi nadama, a ƙudurta ba za a koma ba, in akwai haƙƙin wani a mayar masa. Ki sake ƙirga su, ba za ki ga "a zauna ana tsine wa kai har abada" ba. Nadamar kin yi ta, har ta yi yawa. Mayar da haƙƙin ne ya rage.

Kada ki ɗauka tausaya wa kai sangarta ce. Da kina da 'yar koyo ta ɓata wuyan riga, me za ki yi mata? In kin kira ta jaka kika kore ta, gobe hannunta zai riƙa rawa ta ɓata wani. In kin ce ba komai kika ɓoye rigar, ba za ta taɓa iyawa ba. Malamar kirki takan zaunar da ita ta ce farke nan, ga inda kika kauce, sake, sannan ta zuba mata abinci. Abin da nake so ki yi wa kanki ke nan, ba ƙari ba ragi.

Sai maganar wayar ita kanta, don ba zan wanke ta ba. Awa 6 ba wasa ba ne. Amma ki san da wa kike kokawa. Manhajojin nan mutane ne masu ilimi aka biya maƙudan kuɗi suka tsara su don kada ki ajiye, saboda daɗewarki a ciki ita ce abin da suke sayar wa masu talla. Shafin nan da ba ya ƙarewa, wanda in kin ja sama wani ya fito, wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin ne ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya ya fito fili ya ce ya yi nadama. Abin kamar cin soyayyar gyaɗa ne: in kin ci karo da mai ɗaci sai ki nemi wata ta wanke miki baki, in mai daɗi ce sai ki ƙara. Bambancin kawai, kwanon gyaɗa yana ƙarewa ki ga gindinsa ki tashi, wannan kwanon an cire masa gindi da gangan. Tsumagiyar kan hanya ce, ta fyaɗi yaro ta fyaɗi babba, malamai da likitoci ma suna kuka da ita. Saboda haka kada ki ce da ƙarfin zuciya za ki kayar da ita, musamman zuciyar da ta kwana awa huɗu. Nisanta ta ake yi.

Matsalarki ta fi ta wasu wuya don shagonki da gidan kallonki ƙofarsu ɗaya. Dole ki shiga WhatsApp ki ga awon da aka turo da samfurin da ake so, daga nan kuwa taku ɗaya ne zuwa sitatus, daga sitatus zuwa TikTok. To ki raba ƙofar. WhatsApp Business kyauta ne, yana da saƙon da ke amsawa da kansa. Ki rubuta, "Ina kan keke, ina duba saƙo bayan azahar da bayan isha'i." Babu kwastomar da za ta mutu kafin azahar. In kina tsoron kiran makarantar yara ko na gida, ki nemi ƙaramar waya mai madannai ki sa layin iyali a ciki, babbar kuma ki kashe mata data ki sa ta a akwati a ɗaya ɗakin, inda sai kin miƙe kin taka kafin ki kai gare ta. TikTok ki cire shi daga wayar na mako biyu ki gani. In cirewar ta yi miki tsauri, a wurin nan da wayar ta nuna miki awa 6 akwai inda ake sa wa kowace manhaja iyakar minti. Amma ni cirewar na fi so miki, don iyakar da kika sa da yatsanki da yatsanki za ki ɗage ta.

Wani abu kuma da nake so ki lura da shi: teloli tun da can ba a shiru suke aiki ba. Duk shagon ɗinkin da na sani tun ina yarinya akwai rediyo a rataye jikin ƙusa, tana magana keke yana tafiya. Rediyo kunne take ɗauka ta bar wa aiki ido, bidiyo kuwa idon yake ƙwacewa, ɗinki kuma aikin ido ne. Na fahimci kina kaɗaici a falon nan, daga ke sai yarinyar da ba ta iya magana ba, dangi suna can nesa. Ba laifi ba ne ki so jin muryar mutane. Ki sayi 'yar rediyo mai cin kati, ki zuba tafsiri da karatu da duk abin da kunnenki ke so, ki bar ta tana yi.

Safiyarki ita ce jarinki, kuma ita kike ba wa waya kyauta. Daga fitar yara zuwa wajen ƙarfe 11, lokacin gida ya yi shiru, zafi bai taso ba, kanki bai cika ba. Akwai addu'ar Manzon Allah (SAW) da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, yana roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Sahabin da ya ruwaito ta, Sakhru al-Gamidi, ɗan kasuwa ne, yakan tura hajarsa da farkon yini, kuma dukiyarsa ta yawaita. Ki ba wannan lokacin aikin da ya fi cin kai, wato yanka da haɗa wuya da hannu, waɗanda in kekenki na ƙafa ne ba ruwansu da wuta. Kalmasa da sa maɓalli da tsinke zare ki bar wa yamma, ana yin su ko da yara na hayaniya. Tun da dare ki shimfiɗa atamfar gobe a kan tebur da alli da almakashi a kai, don da safe kada ki tsaya tunanin ta ina za ki fara, a wannan tsayuwar hannu ke zarcewa waya. Ranar da kika ji ba za ki iya ba, ki ce wa kanki minti goma kawai. Yawanci in ƙafa ta hau feda ba ta sauka a goman. In kuma ta sauka, kin yi goma, jiya ba ki yi ko ɗaya ba.

Barcin kuwa ba sai an gama aiki ake yin sa ba, don aikin gida ba ya gamuwa. Ƙarfe 10 ki kwanta, wayar tana caji a falo. In autar ta yi barcin rana ki miƙe kusa da ita ko na minti ashirin ne, kada ki ce lokacin wanke-wanke ne.

Ba ki ce mini kin yi magana da maigidan ba, kuma ina zargin bai san rabin abin da ke cikinki ba. Shi ma a gajiye yake, wanda ke tarar motocin tumatur da tattasai tun kafin gari ya waye ba hutu yake yi ba. Kada ki tare shi a bakin ƙofa. Ki bari ya ci ya sha ruwa, sannan ki gaya masa labarin ankon kamar yadda kika gaya mini, ki roƙi abu ƙwaya ɗaya ko biyu da sunansu: ya riƙa taho da cefane tunda a kasuwa yake yini, ya ɗauki yaran ya fita da su yammacin ranar da ba ya zuwa kasuwa. "Ka taimaka mini" ba ta da hannun kamawa, "ka taho da cefane" tana da shi. Babban yaronki ya isa wanke kwanonsa da haɗa jakarsa tun dare. Zuwa Eko kuma ki haɗa shi ya zama sau ɗaya a wata, ko ku yi karɓa-karɓa da wata mai ɗinki a unguwa. Jirgin ƙasan cikin garin nan da ake kira Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege ya sauke ki Oyingbo, daga nan cikin Eko ba nisa. Ki tambayi lokutan tashinsa. In hali ya yi, ki ɗauki 'yar koyo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kalmar da ta fi taɓa ni a wasiƙarki ita ce "munafuka". Kin san wani sahabi ya taɓa kiran kansa da wannan sunan? Muslim ya ruwaito cewa Hanzala ya haɗu da Sayyidina Abubakar ya ce masa Hanzala ya yi munafunci, don in suna gaban Annabi (SAW) kamar suna ganin Aljanna da wuta da idonsu, in sun koma cikin mata da 'ya'ya da neman abinci sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Suka tafi tare suka faɗa wa Annabi (SAW), ya amsa wa Hanzala cewa sa'a da sa'a ne, lokaci ga wannan, lokaci ga wancan. Akwai kuma ranar da Annabi (SAW) ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar sallah sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Munafuki ba ya kwana yana baƙin cikin ya bar karatu. Gobe bayan asuba ki buɗe Alƙur'ani ki karanta shafi ɗaya, ko rabi, kada ki ce sai kin rama na mako uku. Aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, Nana A'isha ce ta ruwaito mana.

Abu ɗaya kuma ba zan tsallake ba. In kin gyara barci, kin sauke haƙƙin nan, amma har bayan mako biyu kina jin komai ya fita ranki, abinci ba ya shiga, kuka yana zuwa ba dalili, ki je cibiyar lafiya mafi kusa ki faɗa wa likita duka. Ki nemi a duba jininki, don ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga mata masu haihuwa da shayarwa, kuma yana kawo kasala mai kama da lalaci. Ciwon damuwa shi ma ciwo ne mai magani, ana duba shi a asibitin koyarwa na Idi-Araba da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa tunanin gara ki mutu ya taɓa gilma miki, kada ki kwana da shi, ki gaya wa maigidan ko wata da kika yarda da ita a ranar, ku tafi asibiti.

Amma kafin duk wannan, gobe da hantsi, da zarar yara sun fita, ki kira Gwaggo. Kira, ba saƙon murya ba. Ki rubuta maganar a takarda in kina tsoron bakinki zai sarƙe: "Salamu alaikum Hajiya, ina kwana. Tela ce. Na yi muku laifi, na ɓata muku ranar farin ciki, na kuma ƙara da shiru. Ba ni da hujja, ku yi haƙuri. Atamfa biyar suna nan lafiya lau, da kuɗinku naira kaza. In kuna so in ɗinka, biyu ranar kaza, uku ranar kaza. In kun fi son kayanku da kuɗinku, yau zan aiko. Abin da kuka biya telan da ya haɗa rigar amarya ma ku faɗa mini, a wuyana yake." Ranakun ki ciro su daga littafi, ki ƙara kwana biyu a kan abin da kike zato. In kin taɓa kuɗin, ki faɗi gaskiya, ki yanka ranar biya. Za ta yi faɗa. Ki bar ta ta gama, kada ki kawo zancen wuta ko zazzaɓin yaro, ki ce "gaskiya ne Hajiya" ki sake ba da haƙuri. Wataƙila ta ce a maido mata kayanta, wataƙila ba za ta sake kawo miki ɗinki ba. Ki ninke su da kyau ki aika.

Da kin ajiye wayar, ki kai ta ɗaya ɗakin, ki dawo ki yaye zanen da kika rufe keken. Iskar Legas mai laima ce, mako uku a rufe ya isa allura ta fara tsatsa. Ki canja ta, ki ɗiga wa keken mai, ki gwada ɗinkin a kan ƙyalle tukuna kafin ki sa atamfar mutane.